Bar Ta Ta Wuce, Bango Zai Maido Maka da Ita

Zuwana gida na baya-bayan nan, muna zaune a ƙofar gida a Birnin Gwari da la'asar sakaliya, ɗan ƙanwata wanda aka haifa a Gwaska ya matso kusa da ni ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne: mutum huɗu a cikin wani ɗaki na gilashi marar rufi, raga a tsakaninsu, kowa riƙe da wani abu kamar faifai mai ƙota, suna buga wata ƙaramar ƙwallo ruwan ɗorawa. Can sai ƙwallon ta wuce ɗaya daga cikinsu. Yaron ya ɗauka magana ta ƙare, sai ga ta ta daki gilashin baya ta dawo, mutumin ya juya a natse ya ɗauke ta ya mayar. Ya ce, "Kawu, wannan wane irin tanis ne a cikin keji? Kuma ba ta fita ba ke nan?" Na ce masa sunan wasan padel, kuma ba ta fita ba. Kafin in ƙara wani abu aka kira magariba. Abin da ban samu faɗa masa a ranar ba shi nake so in rubuta muku, ku ƙannena da 'ya'yana na Gwaska da Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da cikin gari, maza da mata.

Na san abin da wasu manya za su ce. Ƙasar da aka shiga Gwaska a watan Mayun 2018 aka kashe mutum fiye da arba'in rana ɗaya, ƙasar da hanyarta ta zuwa Kaduna ta yi shekaru ba a binta sai da rakiyar sojoji da addu'a a baki, ita za a zo wa da zancen ƙwallon gilashi? Ina jin nauyin wannan magana, don ni ma na tsaya a kan kabarin 'yan'uwa. Amma ku da kuka tashi a cikin waɗannan shekaru, an ƙwace muku wani abu da ba a cika lissafa shi cikin asara ba, wato yammacinku. Mu da muka riga ku, tsakanin la'asar da magariba namu ne: langa, kokawa a kan yashi, ƙwallon tsumma a filin firamare, dara a gindin bishiya. Ku kuwa kasa kunne ga ƙarar babura kuka koya. Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, motoci suka fara komowa, aka fara shiga gonakin da suka zama saura, na ga yara sun soma fitowa fili. Allah Ya ɗorar da wannan sauƙi. Idan yammaci ya dawo hannunku dole a cika shi da wani abu, in ba haka ba ƙwaya da caca za su cika muku shi. Sannan da yawa daga cikinku karatu ko neman abinci zai kai ku Kaduna, Abuja, Legas ko ƙasashen Larabawa, inda wata rana abokin aiki zai ce, "Mun rasa na huɗu, zo ka cike mana." Ina so ranar ta same ku kun san dokar wasan.

Ƙarancin fili ne ya haifi padel. A shekarar 1969 wani attajiri mai suna Enrique Corcuera, a garin Akapulko na ƙasar Meksiko, ya so yin filin tanis a gidansa, wurin bai isa ba. Sai ya yi ɗan ƙarami ya kewaye shi da bango, ya kuma mayar da bangon cikin wasan. Abokinsa Alfonso de Hohenlohe ya gani ya gina irinsa a Marbella ta ƙasar Sifaniya a 1974, shekara ɗaya bayan haka Julio Menditeguy ya kai shi Ajantina. Sifaniya da Ajantina su ne iyayen gidan wasan har yau. An kafa hukumarsa ta duniya a Madrid a 1991, aka yi gasar duniya ta farko a 1992. Ku masu zuwa gidan kallon ƙwallo kun san Nasser Al-Khelaifi shugaban PSG. Da kuɗin kamfanin Katar da yake jagoranta aka kafa babbar gasar Premier Padel a 2022. Jurgen Klopp ya sa an gina filin padel a wurin atisayen Liverpool, Zlatan Ibrahimovic kuwa ya buɗe nasa wuraren wasan a Suwidin.

Kada wannan jerin sunaye ya sa ku ji wasan baƙo ne gare mu. Arewa ta san ƙwallon bango kusan shekara ɗari da suka wuce. A shekarun 1920 wani malamin makaranta Bature mai suna Hogben ya kawo wasan da Turawa ke kira Fives, ya kafu a Birnin Kebbi da Katsina. Biyu-biyu ake yinsa, a cikin fili mai bango uku, da tafin hannu ake bugun ƙwallon. Sardauna Ahmadu Bello ya ƙaunaci wasan tun yana Kwalejin Katsina, bai bar shi ba har yana Firimiya, kuma akwai kofin da ake yi da sunansa. A nan Arewa da ƙwallon tanis ake buga shi. Kakanninku da suka yi makaranta a wancan zamani sun san yadda ake karanta ƙwallon da ta fito daga bango, sun san wasan da babu alƙali sai mutuncin 'yan wasa. Padel ɗan'uwan wannan ne, sai dai an ƙara masa raga da raket.

To, ga fili. Tsawonsa mita 20, faɗinsa mita 10. Fuloti ɗaya na hamsin da ɗari zai ɗauke shi har a samu rara. Raga ta raba shi biyu, tsayinta santimita 88 a tsakiya, ba ta wuce 92 a gefe. A kowane ɓangare akwai layin sabis, mita 6.95 daga raga, da wani layi da ya raba tsakanin raga da layin sabis gida biyu, dama da hagu. Bayan fili bango ne mai tsayin mita 3, galibi na gilashi, da shingen waya mita 1 a kansa. Gefuna kuwa gilashi ne kusa da kusurwa, sauran shingen waya, da ƙofofi kusa da raga. Ƙasan yawanci ciyawar roba ce da aka barbaɗa wa yashi. Ku riƙe bambancin gilashi da shingen waya da kyau, domin rabin gardamar sababbin shiga a kansa take.

Raket ɗin ba shi da zare irin na tanis. Faifai ne mai kauri da aka huhhuda, bai wuce santimita 45.5 a tsawo da 26 a faɗi ba, da igiya a ƙarshen ƙotar. Doka ce ka zura wuyan hannunka a igiyar nan kafin a fara, kuma doka ce mai hankali: mutum huɗu a wuri matsattse, hannu ya yi gumi, raket ya kufce, fuskar wani zai samu. Ƙwallon kamar ta tanis ce, iskarta ce kawai ba ta kai ta tanis ƙarfi ba. Riƙon raket kuwa kamar yadda kake riƙe guduma, gefensa na kallon ƙasa. Wanda ya fara da riƙon mafici zai ji daɗi a makon farko, ya sha wuya shekara guda yana warwarewa.

Biyu-biyu ake yi. Lissafi irin na tanis ne: maki na farko 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu an ci gem. Idan aka yi kunnen doki a 40, sai ɓangare ɗaya ya ci maki biyu a jere. A wurare da dama, don kada lokacin haya ya ƙare a gem ɗaya, ana yin abin da suke kira makin zinare: maki ɗaya tak ke raba gardama, kuma masu karɓar sabis ne ke zaɓen wanda zai karɓa a cikinsu. Ku tambayi wanne za a bi tun kafin a buga ƙwallon farko. Wanda ya fara cin gem 6 da ratar biyu ya ci turmi. In aka kai 6 da 6, sai a yi gem na raba gardama, ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, zuwa 7, shi ma da ratar biyu. Turmi uku ne kamar dambe, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Ana musayar ɓangare duk lokacin da jimlar gem ta zama mara, wato bayan na ɗaya, na uku, na biyar.

Sabis shi ne inda padel ya fi tausaya wa sabon shiga. Ba a jefa ƙwallo sama a maka ta kamar tanis. Za ka tsaya bayan layin sabis, a dama idan makin farko ne, ka saki ƙwallon ta daki ƙasa a bayan layin, in ta taso ka buge ta daidai ƙugunka ko ƙasa da shi, aƙalla ƙafa ɗaya na ƙasa, ba ka taka layi ba. Za ta tsallake raga a karkace ta sauka cikin gidan da ke kusurwa da naka. In ta sauka a gidan sannan ta daki gilashi, lafiya lau, wasa ya ci gaba. In ta sauka sannan ta taɓa shingen waya, sabis ya ɓaci. Kana da dama biyu. Ka ɓata duka biyun, maki ya tafi. In ta shafi raga ta faɗa cikin gidan daidai, sai a sake, ba a ƙirga maka. Mai karɓa ba shi da izinin tarye sabis a sama, sai ta sauka tukuna. Maki na gaba ka koma hagu, haka za ka yi ta sauyawa har gem ya ƙare, sannan sabis ya koma ɗaya ɓangaren, kowa cikin huɗun da layinsa.

Bayan sabis, dokar da komai ya rataya a kanta ita ce: ƙasa tukuna, sannan bango. Duk ƙwallon da ka buga, dole ta fara sauka a ƙasan abokan karawa kafin ta taɓa gilashinsu ko shingensu. In ta tafi kai tsaye ta daki gilashi, ta fita, ko da kuwa ta faɗo cikin fili daga baya. Layi cikin fili yake. Sau ɗaya aka yarda ta sauka a ƙasanku. Ta sauka sau biyu, kun rasa. Amma tsakanin saukar farko da ta biyu tana iya dukan gilashin baya, ta daki na gefe, ta taɓa shinge, duk tana da rai. Kana iya tarye ta a sama tun ba ta sauka ba. Kana ma iya juya wa raga baya ka buga ta a gilashinku da ƙarfi don ta tashi ta tsallaka, in ka rasa yadda za ka yi. Shingen wayarku ne ba a yarda ka buga ta a kai ba. In ta taɓa jikinka ko rigarka, ko ka taɓa raga da raket ko da ƙafa ana cikin wasa, ko kai da abokinka kuka buge ta ɗaya bayan ɗaya, maki na wancan ɓangare ne. Ƙwararru kan maka ta da ƙasa ta tashi ta haye bangon baya ta fice, nan maki ya ƙare. In ta fita ta gefe, a filayen da aka tanadi sarari a waje, akan ga ɗan wasa ya fita ta ƙofa a guje ya maido ta. Wannan ku kalla a waya ku ji daɗi, kada ku gwada a shekararku ta farko. Ƙarfen ƙofa ba ya kauce wa kowa.

Dokokin ke nan, kuma yaro mai kaifin kai zai haddace su kafin shayi ya huce. Abin da ke ɗaukar watanni shi ne yarda da bango.

A Doha na fara riƙe raket, lokacin da aiki ya kai ni can. Ina da ƙarfina a lokacin, na yi ƙwallon ƙafa, na yi ƙwallon tebur. Aka haɗa mu da wasu dattawa biyu masu furfura, waɗanda ko gudu ba sa yi sosai. Duk ƙwallon da ta nufo ni sai in tare ta tun da zafinta, ina miƙa hannu, ina ja da baya ina tuntuɓe, in na samu sarari in maka ta da iya ƙarfina. Su kuwa sai su matsa gefe kamar masu ba wa baƙo hanya, ta wuce su, ta daki gilashi ta dawo a sanyaye, su ɗaga ta sama can bayana. Suka cinye mu turmi biyu ba mu ci gem uku ba. Da muka fito, ɗaya daga cikinsu ya dafa kafaɗata ya ce mini da Larabci in yi haƙuri, ƙwallon da ta wuce ni ba ta ɓace ba. Na daɗe ina juya maganar.

Duk jikinka zai ƙi wannan. Tun kana yaro aka koya maka cewa abin da ya wuce ka ya tafi: gola ya bari ta wuce, an ci, ɗan tebur ya bari ta wuce, an ci. A padel ƙwallo mai zafi in ka tare ta gaba da gaba, ita ke iko da kai. In ka bar ta ta wuce, bango zai shanye zafinta ya miƙo maka ita a hankali, tana tafiya ɓangaren da kake son aika ta. Yadda ake yi: da ka ga ta zo da nisa da ƙarfi, ka juya gefenka, ka kai raket baya tun da wuri, ka ja kusa da gilashi ba tare da ka manne masa ba, ka lanƙwasa gwiwa, ka bar ta ta fito ta zo gabanka kaɗan, sannan ka raka ta. Wadda ta zo da ƙarfi za ta fito da nisa, sai ka bi ta gaba. Wadda ta zo a raunane za ta mutu a gindin gilashi, wannan kam gara ka ɗauke ta kafin ta kai. Ido ne zai koyi bambancin, ido kuma ba mudu ba ne amma ya san kima. Haka nan ka sani, ƙarfin da ka zuba wa ƙwallo ba tare da lissafi ba, bangon abokan karawa zai maido musu da shi kyauta. Zafin nema ba ya kawo samu, kuma ban taɓa ganin wurin da wannan karin magana ta fito fili a cikin daƙiƙa biyu kamar filin padel ba.

Makamin sabon shiga shi ne ɗaga ƙwallo sama. Masu tsaye kusa da raga su ke da rinjaye, domin daga nan ake cin yawancin maki. Hanyar korarsu daga wurin ita ce ka ɗaga ta ta haye kansu ta sauka can kusa da bangonsu. Suna juyawa su bi ta, ku biyu ku matsa gaba ku karɓe ragar. Samari na raina wannan bugu don ba ya ƙara, ba ya sa 'yan kallo ihu. Ku duba manyan 'yan wasa ku ƙirga sau nawa suke ɗagawa a maki ɗaya. In kuma an ɗaga maka, ba kowace ce ta sara ba. Akwai bugun da Sifaniyawa ke kira bandeja, ma'anarsa tire: ka ɗaga raket kamar mai ɗauke da tiren shayi, ka yanko ta a hankali ta tafi kusurwa ƙasa-ƙasa, kai kuma ka koma wurinka a raga. Ɗan'uwansa mai dafi suna ce masa vibora, wato kububuwa. Ku fara da tire, kububuwa za ta jira ku.

Sai abokin wasa. Kun ga shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya ɗaya: in ɗaya ya ja gaba ɗaya ya tsaya, kunya ta karkace. Haka ku biyu kuke. Ku je raga tare, ku koma baya tare. In ya matsa dama ya rufe kusurwa, kai ka matso tsakiya. Ɗaya a gaba ɗaya a baya hanya ce kuka buɗe wa abokan karawa. Kuma a yi magana. "Tawa!" "Taka!" "Bar ta!" Idan abokinka ya juya yana bin ƙwallo zuwa bango, ba ya ganin abin da ke bayansa, kai ne idonsa: "Sun taho!" ko "Suna baya!" Fernando Belasteguin, ɗan Ajantina, ya yi shekara 16 a jere yana na ɗaya a duniya, 13 daga ciki da abokin wasa guda, Juan Martin Diaz. Shekara 13 mutum biyu suna cin kuskuren juna suna haɗiyewa. Ku yi tunanin sau nawa ɗaya ya zubar da ƙwallo mai sauƙi a lokacin da ake tsananin bukatarta, ɗayan ya taɓa masa hannu suka ci gaba.

Wannan nake so ku ɗauka da gaske. Na ga samari a fili, abokinsu ya ɓata, sai tsaki, sai harara, sai ɗaga hannu sama don 'yan kallo su san ba laifinsu ba ne. Wanda aka yi wa tsaki hannunsa zai ƙara rawa, kuskure na biyu na tafe, kuma kai ka jawo shi. In ya ɓata ka ce, "Ba komai, ta gaba." In kai ka ɓata ka ce, "Tawa ce, yi haƙuri," magana ta mutu a nan. Kada ka zama malamin abokinka ana tsakiyar wasa sai in ya tambaya.

Wani abin da zai faranta wa wasunku rai: bahago na da daraja a padel. Diaz bahago ne, haka ma Arturo Coello, wanda shi da Agustin Tapia suka hau matsayi na ɗaya a duniya a 2023. Ana tsayar da bahago a dama, na-dama a hagu, sai hannuwansu masu ƙarfi duka biyu su haɗu a tsakiyar fili. Yaron da aka sha doke wa hannu a kan akushi, a nan nemansa ake yi.

Babu alƙali a wasan yau da kullum. Kowane ɓangare shi ke faɗin abin da ya faru a ƙasansa. Ƙwallo ta sauka a gindin gilashi, ƙasa ta fara taɓawa ko gilashi? Kai ne mafi kusa, kai ka gani. Ta shafi rigarka ba wanda ya lura. Ta sauka sau biyu kafin raket ɗinka ya shiga ƙarƙashinta, kai kaɗai ka ji a hannunka. Ka faɗa. In da gaske ba ka tabbatar ba, a sake makin. Ina gaya muku, a irin waɗannan wurare mutane na auna wanda za su yi hulɗar kuɗi da shi, kuma wanda aka kama da satar maki ɗaya ba a gaya masa, kiransa kawai ake dainawa. Ku da za ku fita da sunan Birnin Gwari, sunan da jaridu suka shekara goma ba sa ambatonsa sai da labarin bindiga, ina so wanda ya yi wasa da ku ya koma gida yana cewa ya haɗu da wani yaro daga can mai faɗin gaskiya ko a kansa.

Batun kuɗi, ba zan ɓoye muku ba, wasan na da tsada a biranenmu. Da awa ake hayar fili, ku huɗu ku raba. Kada ka sayi raket kafin ka yi wasa sau goma. Wuraren na bayar da haya, kuma mai zagayayyen kai marar nauyi ya fi dacewa da sabon hannu, ya fi tausaya wa gwiwar hannu. Takalmi mai kama ƙasa ya fi raket mai tsada amfani. Kada ka ci bashi don a gan ka a hoto cikin gilashi, kada kuma ka yarda a sa kuɗi a kan wasa, ko na lemo ne. Da an sa, faɗin gaskiyar da na ambata shi ke fara mutuwa. Masu tunanin jari kuma su dubi Suwidin, inda aka yi rububin gina filaye lokacin korona har suka yi wa 'yan wasa yawa, da yawa suka rufe daga baya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ku ɗumama jiki kafin ku fara, ku sha ruwa, ku guji tsakar rana a watannin bazara, ku tsara lokaci yadda magariba ba za ta same ku a cikin keji ba.

'Yan matana, da ku nake wannan magana tun daga farko. Wasan ba na ture-ture ba ne, ba a haɗa jiki, kuma dabara ta fi ƙarfi aiki a cikinsa. Ariana Sanchez da Paula Josemaria, 'yan Sifaniya, sun riƙe matsayi na ɗaya a duniya a ɓangaren mata, kuma ba wasu ƙarti ba ne. A ƙasashen Larabawa na ga ana ware wa mata lokacinsu da wurinsu, suna wasa cikin suturarsu. Fili ne mai katanga; makarantar 'yan mata da ke da bango mai kyau ta riga ta yi rabin aikin.

Ba sai kun jira gilashi ba. Filin Corcuera na farko bangon gini ne, kuma har yau akwai tsofaffin filaye masu bangon siminti a Ajantina da Sifaniya. Magininmu da bulo da siminti da ma'auni zai iya tayar da bango mai tsayin mita 3, mai walda ya yi shingen, a daɓe ƙasa sumul da ɗan gangare don ruwan damina. Wata ƙungiyar matasa ko wata makaranta za ta iya sa wannan a gaba. Kafin nan, ku nemi bangon siminti mai santsi, na sito ko na aji, ku nemi izinin mai shi ko hedimasta, ku kauce wa mai taga. Ku ja layi da gawayi a tsayin santimita 88. Kafinta zai yanka muku katako a kan awon da na faɗa, ya huda shi, ya ɗaura igiya. Tsohuwar ƙwallon tanis da ta rage iska ta ma fi dacewa. Ku fara da fuskantar bango, kuna buga ta sama da layin, sau ashirin ba faɗuwa. Sannan ku juya: bango a bayanka, abokinka a gabanka yana jefo ta ta sauka ta wuce ka, kai kana koyon barinta.

Ranar da zan koma na bar wa ɗan ƙanwata ƙwallo uku da awon raket a rubuce a bayan takarda. Bayan sati biyu ya kira ni da daddare. Ya ce su huɗu ne yanzu, sun samu bangon wani sito da ya yi kusurwa, kafinta ya yi musu katako biyu suna karɓa-karɓa, kuma ya maido sau goma sha ɗaya a jere daga bango. Amma sun yi gardama har an kusa ɓatawa: ƙwallo ta sauka, ta daki bangon baya, ta daki na gefe, sannan ya buge ta. Abokinsa ya ce bango biyu ya yi yawa.

Na tambaye shi, "Sau nawa ta taɓa ƙasa?"

Ya ce, "Sau ɗaya, Kawu."

Na ce, "To tana da rai. Ka gaya masa makinka ne, gobe kuma ka bar shi ya fara sabis."